A Kai Mashayi Asibiti, A Kai Dillali Kotu

A watan Satumba na 1983, Shugaba Ja'afar Numairi ya tara jama'a a bakin Nilu a Hartum, aka farfasa kwalaben giya, aka tuttular da ita cikin kogi. Daga ranar, wanda duk aka kama ya sha barasa, bulala arba'in ce rabonsa. Giyar kwalba ta ɓace daga kantuna kamar yadda aka so. Amma araƙin dabino bai je ko'ina ba, cikin ɗakuna ya koma. Matan da ke dafa shi, galibinsu waɗanda yaƙin Kudu da na Duwatsun Nuba ya koro zuwa gefen birni, su suka riƙa cika kurkukun mata na Umdurman, wasu da goyo a baya. A sake su yau, jibi sun koma kan tukunya, don babu wata sana'a da ke jiransu a waje. A tsakiyar 2011 kuma aka wayi gari ana tsintar gawawwakin yaran titi a Hartum da Umdurman, gommai, bayan sun sha isbirto mai guba. Lokacin bulalar ta kusa shekara talatin tana aiki.

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. Abin da Allah Ya haramta haram ne, ban zo gyara shi ba. Tambayata ba ta kai nan ba: shin bulala da kurkuku suna raba mutum da abin da jikinsa ya riga ya kamu da shi? Mun gwada a kan giya shekara da shekaru, mun ga amsa. Yanzu ga mu muna shirin maimaita gwajin a kan ƙwaya, a Hartum, birnin da yaƙi ya bar gidajensa ba ƙofa ba taga.

Ni Bahaushe ne haifaffen Sudan. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso da ƙafa daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 da niyyar Makka, wasu suka yada zango a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu suka gangaro Hartum. Sana'ata sayar da magani. Na yi shekaru a wani kantin magani a kan hanyar Madani, ta wajen Soba, kuma mai son sanin abin da unguwa ke ɓoyewa, ya tsaya a bayan kantar mai magani bayan sallar isha'i.

Soba tana da manyan gine-gine biyu da kowa ya sani a kudancin Hartum. Akwai Asibitin Jami'a na Soba, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Hartum ke koyon aiki tun shekarun 1970. Akwai kuma kurkukun Soba. Duk gardamar da ake yi kan dokar ƙwaya, in ka tace ta, magana ɗaya ce: yaro ɗan shekara goma sha tara da aka kama da ƙulli ɗaya a aljihu, wanne daga cikin gine-ginen nan biyu ya dace da shi?

Da farko bango muka sani, wato tabar wiwi, wadda ake nomawa a dajin Radom na Darfur ta Kudu, da shashamandi mai shigowa daga Habasha. Yaran titi suna da silisiyon, abin da 'yan'uwanmu na Kano ke kira sholisho. Sai ƙwayoyin kanti suka shigo. Akwai wadda samari ke kira harsha, asalinta maganin karkarwar jiki ce, ana kuma haɗa wa masu shan maganin ƙwaƙwalwa don ta rage musu sanƙarewar gaɓoɓi. Akwai tramadol, akwai Lyrica, akwai ruwan maganin tari. Takardar likita ta jabu na iya gane ta tun kafin a miƙo: rubutun ya cika kyau, hatimin ya dushe, mai miƙowa kuma yana kallon ƙofa. Direban raksha, wato keke mai ƙafa uku, zai ce maka ciwon baya ne, kuma ba ƙarya yake yi ba, wanda ya wuni yana sukuwa a kan ramukan Mayo da Kalakla dole bayansa ya yi ciwo. Da ciwon gaske aka fara, sai ƙwayar ta riƙe shi.

Sa'an nan, 'yan shekaru kafin yaƙi, aka fara jin sunan wata sabuwar ƙwaya, ais. Wannan ita ta canja irin mutanen da ke zuwa kanta. Samarin suka ragu, iyaye mata suka ƙaru. Wata dattijuwa da na sani a unguwa ta jira har kowa ya watse, ta matso.

"Dakta, akwai maganin barci mai ƙarfi, wanda ba a jin ɗanɗanonsa a shayi?"

"Wa za a ba, Inna?"

"Yaron nan ne. Yau kwana uku idonsa biyu. Ya kwance rediyo, ya kwance fanka, wai akwai masu sauraronsa a ciki."

Na ce, "Inna, wannan ya wuce maganin barci. Ga asibiti nan kusa, ki sa yayyensa su kama miki a kai shi."

Ta ja laffayarta ta rufe baki. "In na kai shi suka rubuta sunansa, gobe 'yan sanda suka zo fa? Ga ƙannensa mata ba a yi musu aure ba."

Ban sayar mata ba, ita kuma ba ta kai shi ba. Ko da likitan ba zai kira kowa ba, ita ba ta san haka ba, kuma babu abin da ta taɓa gani da zai sa ta saki jiki. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1994, wadda har yau da ita ake aiki, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga manyan masu safara, har da kisa a wasu halaye, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda sha kawai yake yi. Duk wata kafa da alƙali zai iya bi ya tura mutum jinya, talaka bai san da ita ba. Abin da ya sani shi ne sumame, ofishin 'yan sanda, kotu, kurkuku. Wannan tsoron shi ne babbar ɓarnar da dokar ke yi, kuma ba ya fitowa a ƙididdigar kowa. Yana sa a ɓoye majinyaci a ƙuryar ɗaki har sai ya ɗauki wuƙa, ko ya faɗi yana kumfa.

Abin da kurkuku ke yi wa wanda ya shiga kuwa, a gidanmu na gani. An kama ɗan ƙanwata da ƙullin bango yana shekarar farko a jami'a, aka yanke masa 'yan watanni. Na je duba shi da kwanon abinci. Ya rame, amma ba ramar ce ta tsaya mini a rai ba. Cewa ya yi, "Kawu, kada ka damu da ni, a nan ciki komai akwai." Ya shiga yana shan wiwi jefi-jefi, ya fito ya san tramadol, ya san farashinta, ya san lambobin masu ita. Karatu ya tafi. Da aka samo masa aiki a Saudiyya, aka nemi takardar fish, wadda ke shaida cewa mutum ba shi da tabon laifi, shi ke nan magana ta mutu. Wanda kaɗai ya yarda ya ba shi aiki ba tare da takarda ba shi ne dillalin unguwa. Sai da ƙwayar ta jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya a tsakar gida muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya sha komawa ruwa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Yau walda yake yi a Kasala. Hukuncin da aka yi masa bai rage ko ƙwaya ɗaya a kasuwa ba, ɗan aike ya ƙara wa dillali.

Su kuma masu abin fa? A 2014 aka kama kwantenoni maƙare da ƙwaya a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, mutanen gari kuma ba su daina tambayar ko na wane ne ba. A farkon Janairun 2023 Janar Abdul Fattah al-Burhan ya ƙaddamar da gangamin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka cika tituna da alluna, aka yi ta kame. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Kafin watan ya ƙare ƙofofin Kober da al-Huda da Soba sun buɗe, dubban fursunoni suka fantsama cikin gari, mai kisan kai da mai ƙullin wiwi duk tare. Kurkukun Soba kansa ya koma wurin da RSF ke tsare mutane, kamar yadda ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na Maris 2025. A Fabrairun shekarar kuma, bayan sojoji sun ƙwace yankin matatar mai ta Jaili a arewacin Bahri, aka nuna wa 'yan jarida wata masana'antar buga ƙwayar kaftagon. Injin buga ƙwaya ba a aljihun ɗan raksha yake ba. Duk ɗan sandan da aka sa ya wuni yana lalube aljihun yara a tashar mota, an cire shi ne daga inda ake bukatarsa, wato tashar jiragen ruwa, da kan iyaka, da asusun banki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ba sai mun je wata ƙasa aron hikima ba. Dakta Tijjani al-Mahi, wanda ake kira uban likitancin ƙwaƙwalwa na Afirka, ɗan ƙasar nan ne. Ya buɗe ɗakin duba masu ciwon ƙwaƙwalwa na farko a Bahri a 1949, ya rasu a 1970, kuma sunansa ne a kan babban asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman. Shi da magajinsa Dakta Taha Ba'ashar sun lura da abin da kowa ya sani amma masu boko ke jin kunyar faɗa: in hankalin mutum ya taɓu, wurin shehi ake fara kai shi, ba wurin likita ba. Maimakon su yi faɗa da shehunai, sai suka je suka same su. A Umm Dawan Ban, babban masid ɗin, wato zawiyar shehi, da ke gabashin Nilu, ba nisa sosai da Soba ta Gabas, inda wutar karatun allo ta shekara fiye da ɗari ba ta mutu ba, an yi zamanin da likita ke zuwa ya duba majinyata a cikin harabar shehi. Shehi na nasa, likita na nasa, dangi suna kusa. A daidai wannan zamani Farfesa Lambo yana irin wannan a ƙauyen Aro na Abekuta. Mutanen nan sun gane cewa mai irin wannan ciwo yana bukatar magani, yana kuma bukatar jama'ar da za ta karɓe shi. Mashayi ma haka yake.

Sai dai a nan dole in taka wa namu birki. A Oktoban 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da binciken da aka ɗauka a ɓoye a makarantun allo 23 na Sudan, aka ga yara da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu a ɗaure, bayan 'yan makonni aka sake ganin irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne. Sun duba gabas sun duba yamma, ba su ga inda za su kai yaro ba sai kurkuku ko gidan mari, suka zaɓi wanda aƙalla ake sallah a ciki. Rufe gidajen kaɗai ba ya magance komai, wani zai buɗe a bayan gari. A yi musu rajista, a haramta mari da duka, likita ya riƙa shiga, wanda ya ƙi a rufe nasa. Malamin kirki ba zai ƙi wannan ba.

Mutane da yawa ba su san abin da ake nufi da jinyar shaye-shaye ba, suna zaton wata allura ce da ke wanke jini. Babu irin wannan allura. Wanda jikinsa ya saba da tramadol, in aka yanke masa dare ɗaya zai shiga zufa da gudawa da ciwon ƙashi da rashin barci, wannan azaba ce ke mayar da shi, shi ya sa likita ke janye ta sannu a hankali. Masu shan heroin da danginta akwai magunguna irin su metadon da ke riƙe su har su koma aiki. Ais kuwa ba ta da irin wannan madadi. Ana kwantar da ruɗewar da magani, sauran aikin zama ne da mai ba da shawara, mako bayan mako, da sana'a, da raba shi da tsofaffin abokai. Komawa ruwa kuma ɓangare ne na ciwon, kamar yadda sukarin mai ciwon suga ke hawa ya sauka, ba wanda ke kiran ɗan sanda don ya hau. Kafin yaƙi muna da asibitin Tijjani al-Mahi, da na Taha Ba'ashar a Bahri, da cibiyar Hayat a Hartum, da ƙungiyoyi irin su Bit Makli, sai 'yan cibiyoyin kuɗi da talaka ko ƙofarsu ba ya tunkara. Ga birni mai mutum miliyoyi, ko a lokacin ba su isa ba. Yaƙi ya zo ya tarwatsa ma'aikatan, da yawa suna Masar da ƙasashen Larabawa.

In an kawo misalin Fotugal, wadda tun Yulin 2001 ta daina kai mai ɗan abin sha kotu, ta koma tura shi gaban kwamitin da ke da masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a, sai a ce ai Turawa ne. To, Iran fa? Ƙasa ce da ta rataye masu safara ba adadi, ga ta a bakin iyakar Afganistan, amma tun farkon shekarun 2000 ta buɗe wuraren ba da metadon, har cikin gidajen yari, a 2017 kuma ta sassauta dokar kisan. Tanzaniya ta buɗe nata wurin ba da metadon a asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011, Senegal ta bi a Dakar a 2014. A shekarar ce kwamitin da Kofi Annan ya kafa ƙarƙashin Cif Olusegun Obasanjo ya ba ƙasashen Afirka ta Yamma shawarar su daina ɗaure mai sha, su fuskanci manyan masu safara. Obasanjo dai tsohon janar ne, ba wanda zai ce masa mai sanyin hannu. Gana ta gyara dokarta a 2020, ta mayar da hukuncin mai ɗan abin sha tara a maimakon ɗauri. A duk ƙasashen nan ƙwaya ba ta zama halal ba, dillali kuma bai huta ba.

Akwai kuma inda abin ya ci tura, kuma ya kamata a faɗa. Jihar Oregon ta Amurka ta cire hukuncin a ƙuri'ar 2020, amma wuraren jinya ba su tsaya da ƙafarsu a kan lokaci ba, shan ƙwaya ya fito fili a tituna, a 2024 suka janye. Darasin a bayyane yake. In ka rufe hanyar kurkuku ba ka buɗe ta asibiti ba, titi ka tura yaro.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a wurin mai shayi. Ƙasar da ke fama da kwalara da zazzaɓin dengi, ba ruwa ba wuta, asibitoci a wawashe, ina ta ga kuɗin lallashin mashaya? Tambaya ce mai nauyi. Amma fursuna ma ci yake yi, ana biyan mai gadinsa, ana biyan alƙali da mai gabatar da ƙara, a ƙarshe a sako shi ya fi da lalacewa. Kuɗin ana kashe shi ko ta yaya. Sa'an nan a dubi waɗanda ke tafe. Tun da sojoji suka karɓe Hartum a Maris 2025 mutane ke dawowa, cikinsu akwai samarin da suka riƙe bindiga a wannan ɓangare ko wancan, wasu da ƙwaya suka yi ta hana idonsu barci a bakin daga, akwai kuma waɗanda suka ga abin da ba ya faɗuwa suna neman abin da zai kashe musu tunani. Akwai 'yan mata, waɗanda nasu ya fi ɓoyuwa don gida ya gwammace ta mutu a ɗaki da a ji. Babu kurkukun da zai ɗauki wannan taro.

Ba kuma sai an gina sabon bene ba. Duk wanda ya zauna a birnin nan lokacin yaƙi ya ga yadda takiyyoyi, wato wuraren dafa abincin sadaka, da ɗakunan agajin gaggawa na matasan unguwa suka ciyar da mutane da tukunyar wake da adas, ba gwamnati ba albashi. Waɗannan matasa sun san kowane gida. A koya musu gane alamun, a ba kowace cibiyar lafiya ta unguwa ma'aikaci ɗaya da ya san aikin, a ware 'yan gadaje a Soba da sauran manyan asibitoci don masu tsanani. Mu masu kantin magani kuma a matsa mana. Wanda aka kama yana sayar da harsha ko tramadol ta bayan kanta a ƙwace lasisinsa a kai shi kotu, don shi dillali ne mai farar riga.

'Yan'uwana na Najeriya da Nijar, kada ku karanta wannan kamar labarin nesa. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha wata ƙwaya a cikin shekara guda. A Mayun shekarar aka hana ruwan tari mai kodin, amma ku kuka fi ni sanin ko samarin Kano sun daina ko wani abin suka koma. Dokar NDLEA ta tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya sha hodar Iblis da makamantanta. Ku ƙirga gadajen jinya da ke Dawanau da Kiru, ku ƙirga samarin unguwa ɗaya tak.

Roƙona ga Ministan Shari'a da Ministan Lafiya na Sudan shi ne, yanzu da ake sake gina komai, a buɗe dokar 1994. A fayyace adadin da ke raba mai sha da mai sayarwa, don kada abin ya zama yadda ɗan sanda ya ga dama. Mai sha a tura shi jinya kai tsaye, kada ta zama alfarmar alƙali. Wanda ya kawo kansa, ko iyayensa suka kawo shi, kada sunansa ya fita daga ɗakin likita, kada ya hau takardar fish, a kuma yi shelar haka a rediyo da Larabci da Hausa da sauran harsuna har kowace uwa ta ji. Limamanmu da sarakunan Hausawa na Mayo da Ingaz da Umbadda, ku faɗa a huɗuba da wurin ɗaurin aure cewa kai yaro asibiti ba tonon asiri ba ne. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan yaro a gidanku, ranar da ya daina barci ko ya faɗi yana jijjiga, a daren za a kai shi wurin likita. Ka raka shi da kanka, ranar da aka ce ya dawo kuma ka sake raka shi.